Amsa ga Malama: Kuɗin da Ake Ba Makarantar da Ta Riga Ta Yi Fice

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa, da fatan ke da malamanki da yara kuna lafiya. A shirin rediyon da aka gayyace ni kin bugo waya kin tambaya: don me wasu ƙasashe ke ba makarantun da suka yi fice tallafi don su koya wa na baya, alhali na bayan ne rufinsu ke yoyo? Kika ce ai wannan ƙara wa Barno dawaki ne. Lokaci ya ƙure ban ba ki amsa ba, ga ta nan.

Lokacin malami ake saye da kuɗin nan. In za a ɗauke gwanar malamar lissafi daga ajinta ran Talata ta je wata makaranta, sai an biya wanda zai riƙe mata ajin, an kuma biya kuɗin mota. In ba haka ba hedimastanta ba zai sake ta ba, kuma ban ga laifinsa ba, don shi iyayen yara za su tuhuma.

Dubi Landan. A 2003 gwamnatin Tony Blair ta ƙaddamar da shirin London Challenge, Tim Brighouse na jagoranta, lokacin da sakandaren tsakiyar birnin ke baya a jarrabawa. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suka kasa makarantu gida-gida, bisa kamannin ɗalibansu: yawan 'ya'yan talakawa, da matakin da yaran suka shigo da shi. Shugabar da ke cewa yaranta marasa galihu ne, sai a nuna mata wata makaranta mai irin yaranta sak wadda ta yi mata nisa, a ce ta je ta gani da idonta. Aka kuma haɗa gogaggun shugabanni da makarantun da suka fi rauni. A 2008 aka shigar da firamare, aka kai shirin Mancesta, kuma kafin a rufe shi a 2011 sakamakon Landan ya haura na sauran Ingila.

Ba duka yabon ne na shirin ba fa. A 2014 Simon Burgess na Jami'ar Bristol ya ce yawan 'ya'yan baƙin haure masu himmar karatu ne babban dalili, wasu kuma suka ce gyaran ya faro ne tun daga firamare.

Inda tsoronki ya tabbata shi ne abin da ya biyo baya. Daga 2011 Ingila ta fara naɗa makarantun da suka yi fice su riƙa horar da malaman wasu makarantu, kowace da fam 60,000 a shekarar farko. Suka haura 700, amma suka taru a inda dama ake da makarantu masu kyau, wasu yankuna na fama da ƙaranci. A 2021 aka soke su, aka kafa cibiyoyi 87, kowace da yankin da za a tambaye ta a kansa.

Da za a kawo irin wannan nan, abu biyu nake tsoro. Na farko ya rikiɗe ya koma bitar da muka saba: a tara malamai a zaure, a raba jaka da biro, a sa hannu a karɓi alawus, Litinin kowa ya koma yadda yake. Na biyu ya fi damuna, wato wa za a kira mai fice? Makarantar da ke tace ɗalibai da jarrabawar shiga ba ta da abin koya wa ajin da yara suka cika shi har bakin ƙofa, suna zaune a ƙasa. Wadda nake so a nemo ita ce malamar da ke cikin irin wannan cunkoso amma 'yan aji biyunta na haɗa baƙi da wasali suna karanta jimla. Malaminki ya zauna a bayan ajinta ya ga yadda take raba allo, yadda take gane yaron da ke motsa baki kawai. Mako mai zuwa ita ta zo ajinsa ta zauna a baya.

Batun rufi kuwa kina da gaskiya, amma asusunsa daban ne, kada ki yarda a ce miki wannan ya maye gurbin wancan. In aka zo miki da tayin, tambayi sau nawa malamar za ta shigo ajinku a zango, kuma wa zai riƙe nata.

Wassalam,
Yayanki, tsohon sufeton makarantu