A Kawo Mana Na'urar Hoton Zuciya Kusa da Gida

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana kan gwajin da aka yi wa mahaifina, wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa duk sanda ya hau bene. Awon bugun zuciya na ECG bai nuna komai ba, sai likita ya tura mu hoton nukiliya na zuciya, wato SPECT.

Da Baba ya ji "nukiliya" sai ya ce shi kam a bar shi da ciwonsa. Alhali ɗan sinadari ne, technetium-99m, ake sa wa ta jijiya, kuma ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan kimanin awa 6. An ɗauki hoto yana hutawa, aka sake ɗauka bayan an ba shi maganin da ke buɗe jijiyoyi. Ina tsaye likita ya nuna mana wani gefen zuciyar da ya dusashe a hoto na biyu, alamar jini ba ya isa wurin saboda jijiya ta tsuke.

Abin da ya fi ba Baba wuya shi ne hana shi goro da shayi tun kwana ɗaya kafin gwajin, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu na ɓata sakamakon. Dattawanmu su kiyaye wannan.

Sai dai tafiyar da muka sha ta isa abin kuka. An san wannan fanni a Asibitin Ƙasa na Abuja da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan (UCH), amma talakan Katsina ko Gusau fa? Gwamnonin Arewa maso Yamma su haɗa kuɗi su kafa cibiya ɗaya, su horar da ma'aikatanta.

Mai karatunku,
daga Funtuwa