Ba kowace zungureriyar motar Havana ce Cadillac ba

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi gyara kan hoton da kuka buga na wata tsohuwar mota a titin Malecón na Havana, babban birnin ƙasar Kuba, wadda aka rubuta a ƙarƙashinta cewa Cadillac ce ƙirar 1959. Shekarar ta yi daidai, amma motar Chevrolet ce. Fukafukan bayanta a kwance suke, sun baje hagu da dama, kuma ƙarƙashin kowanne akwai doguwar fitila guda mai tsukakken baki. Na Cadillac ɗin wannan shekara a tsaye suke, sun miƙe sama, kowanne da jajayen fitilu biyu masu siffar harsashi. Ko a tsayi ma ba ɗaya suke ba, domin Cadillac ɗin ta kai mita 5.7.

Irin wannan kuskure yana da sauƙin aukuwa a Kuba fiye da ko'ina. Bayan juyin juya halin 1959, Amurka ta fara hana kai kaya ƙasar a 1960, ta kuma cika takunkumin a 1962, sai sababbin motoci da kayan gyaransu suka yanke. Shekara sittin da ɗoriya ke nan makanikan ƙasar suna rayar da motocin da abin da hannu ya kai gare shi. Yawancin waɗanda ke aikin haya, da mutanen can ke kira almendrón, injin dizal na Hyundai ko Toyota ko Mercedes ne a cikinsu, wasu da kayan Lada da Volga na Rasha. Saboda haka kada a amince da ƙarar inji, kada kuma a amince da tambarin da ke kan bonet, don kowa na iya saye ya manna. Ƙirar bodi ita ce ba ta canzuwa cikin sauƙi.

A fara da shekara kafin a nemi sunan kamfani. Gilashin gaba mai ɓari biyu da ƙarfe a tsakiya yana nuna farkon zamanin: Chevrolet ta yi amfani da shi har 1952, daga 1953 ya koma guda. Gilashin da ya lanƙwaso har cikin gefen ƙofa ya shigo Cadillac da Buick da Oldsmobile gaba ɗaya a 1954, Chevrolet da Pontiac da Ford kuma a 1955. Sai a ƙirga fitilun gaba. Biyu manya galibi na nufin 1957 ko kafin nan. Huɗu, biyu a kowane gefe, kusan ko da yaushe 1958 ne zuwa sama, ban da ƴan tsirarun motocin alfarma da suka riga sauran da shekara guda.

Daga nan sai kamfani. Buick ce mafi sauƙin ganewa, saboda ƴan ramukan ado da ke jere a gefen gabanta tun 1949. A farkon shekarun, uku na ƙananan samfura ne, huɗu na babban samfurinta Roadmaster, amma daga 1955 Super da Century ma sun samu huɗu, kuma a 1958 da 1959 babu su sam. Pontiac tana da layukan ƙarfe masu sheƙi da suka bi tsawon bonet har 1956. Ford ta riƙe zagayayyar fitilar baya daga 1952 zuwa 1957, ta dawo da ita a 1959, ta 1949 da 1950 kuma tana da dunƙulen ƙarfe guda a tsakiyar ragar gaba, ta 1951 tana da biyu. Idan aka leƙa ciki aka ga maɓallan giya a dashbod maimakon sanda, motar gidan Chrysler ce ta tsakanin 1956 da 1964, wato Plymouth ko Dodge ko DeSoto ko Chrysler kanta, sai dai kamfanoni kaɗan sun kwaikwayi tsarin na ɗan lokaci.

Chevrolet ɗin 1955 da 1956 da 1957 su ne aka fi rikitawa, don gangar jikinsu kusan ɗaya ce, tazarar tayar gaba da ta baya inci 115 a dukkansu. Wurin zuba mai shi ke raba gardama. Ta 1955 tana da ƙaramar ƙofar tanki a gefen hagu, ragar gabanta kuma ba ta kai faɗin motar ba. Ta 1956 an ɓoye bakin tankin a bayan fitilar baya ta hagu, sai an juya wani ɗan ƙarfe fitilar ta faɗo. Ta 1957 yana cikin adon fiffiken hagu, bonet ɗinta kuma yana da tsinin roka biyu. A 1958, fitilu uku zagayayyu a kowane gefen baya na Chevrolet samfurin Impala ne, biyu na samfurin Bel Air.

Akwai tarko uku da ke kama har masu ido. Na farko, motocin da aka ƙera musamman domin ƙasashen waje. Dodge Kingsway da DeSoto Diplomat bodin Plymouth ne aka sa musu fuskar Dodge ko DeSoto, don haka gaba yana faɗin abu ɗaya, baya yana faɗin wani, kuma ba haɗin makanike ba ne, haka suka fito daga masana'anta. Haka Pontiac Laurentian da Parisienne na Kanada, a kan cesis ɗin Chevrolet suke. Na biyu, motocin da ba na Amurka ba ne ma: Chaika ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka fara ƙerawa a 1959, ta yi kama ƙwarai da motar Amurka Packard ta 1955 da 1956, kuma akwai ta a Kuba. Na uku, marasa rufin da ake ɗaukar ƴan yawon buɗe ido. Da yawansu yanke rufin aka yi. Chevrolet da Ford ba su fitar da marar rufi mai ƙofa huɗu a shekarun 1950 ba, don haka duk wadda aka gani, aikin mai walda ne.

Wanda ya samu izinin mai mota, ya buɗe ƙofar direba ya duba ginshiƙin da ke riƙe da ita. A Chevrolet ta 1955 zuwa 1957 akwai ɗan faranti a wurin. Idan lambar ta fara da V, da injin silinda takwas ta fito. Sai harafin samfuri, A na samfurin 150, B na samfurin 210, C na Bel Air. Sai lambobi biyu na shekara, sai harafin garin da aka haɗa ta. VC57 ke nan Bel Air ce ta 1957 mai silinda takwas. Kada a saka wannan lamba a manhajojin binciken mota na intanet a yi tsammanin amsa, domin tsarin lamba mai gurbi 17 sai 1981 ya fara aiki. A ƙarƙashin bonet kuma, jikin bangon da ya raba inji da fasinja, motocin General Motors, kamfanin da ke ƙera Chevrolet da Cadillac, suna da farantin Fisher Body, wato sashensa mai ƙera bodi, wanda lambobi biyun farko na layin samfurinsa su ne shekara. Idan farantan biyu suka saɓa, an haɗa mota biyu ne aka tayar da ɗaya.

Ga wakilanku masu ɗaukar hoto, ina ba da shawarar su riƙa ɗauko uku: gaba sak, baya sak, da gefe gaba ɗaya yadda za a ga ko akwai ginshiƙi tsakanin tagogi. Hoton kusurwa yana da kyau a shafi, amma yana ɓoye fitilun baya da wurin tanki. Ina fata za ku gyara rubutun hoton a fitowa ta gaba.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano