Sanarwa kan Kyautar Zayed ta kare muhalli

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina jawo hankalinmu ga Kyautar Zayed, wadda Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kafa a 2008, ake kuma bayar da ita duk shekara ga ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin sa-kai da suka yi fice a fannonin lafiya, abinci, makamashi, ruwa da sauyin yanayi. Abin da ya fi shafarmu shi ne ɓangaren makarantun sakandare, domin akan ware wa Afirka kudu da Sahara gurbi guda, kuma tsarin aiki ake gabatarwa, ba sai an kammala aikin ba. Ina roƙon malaman da ke cikinmu su zauna da ɗalibansu tun yanzu, su tsara aikin dashen itatuwa ko famfon sola kafin a buɗe shafin neman shiga.