Wasiƙa daga Kamba kan zancen katange iyaka

Kamba,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina Malam Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin ƙasar mutane? Saƙonka ya iso, na kuma ga har yanzu kana nan kan bakanka cewa maganin fasa-ƙwauri da kwararowar baƙi shi ne a zagaye ƙasa da shingen waya, kamar yadda Janar Christopher Musa ya ba da shawara a watan Yunin 2025 lokacin yana babban hafsan tsaro, har ya kawo misalin Pakistan da Saudiyya. Wannan karon kam ban bi ka ba, Malam.

Ka tuna yadda ƙasar take. Iyakarmu da Nijar kaɗai ta kai kusan kilomita 1,500, mu kuma a Kebbi ƙasa biyu muke kallo, Nijar ta wajen Kamba da Kangiwa da Bachaka, Binin ta wajen Tsamiya da Lolo. Ga kogin Kwara ya ratso ta Dole Kaina. A ina za ka kafa turke a fadamar da ruwa ke shanyewa duk damina? Inda ƙasa ke da tauri ma, wayar da ba mai gadinta kyauta ce aka yi wa 'yan gwangwan. Ke nan sai an yi hanyar mota a gefenta, an sa masu sintiri dare da rana, an ware kuɗin gyara duk shekara. In kuwa muna da waɗannan ukun, rabin aikin ya ƙare tun ba a sayi waya ba. Ban ma taɓo zancen Zabarmawa da Dandawa da Arawan da gidansu ke nan, gonarsu ko surukansu na can ba.

Ai mun gwada abin da ya fi waya tsanani. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa ruf, aka fara buɗe wasu a Disamban 2020, ta Kamba kuwa sai a Afrilun 2022. Shinkafa 'yar waje ba ta ɓace a kasuwa ba, tsada ta ƙara, kuɗin ɗauko ta ya hau. Ga yadda abin ke tafiya. Jirgi ya sauke ta a Kwatano, tirela ta hauro da ita arewa zuwa wajen Malanbil ta Binin ko Gaya ta Nijar, a jibge a shago. Tirela guda buhu 600 ce mai kilo 50. Daga nan sai a farfasa ta. Yaro ya ɗaura buhu huɗu a babur, biyu a baya, ɗaya a kan tanki, ɗaya ya zauna a kai, ya kashe fitila ya bi ta cikin gero. Sawu 150 ke nan, babura talatin su yi sawu biyar-biyar, tirela ta ƙetare ba wanda ya ga tirela. In ruwa ya kawo, kwale-kwale ya karɓi aikin. Da ta shigo sai a farke buhun, a juye a na kamfanin gida, a ɗinke baki da keken hannu. Jami'in kwastan ya kama babur biyu, ya yi hoto da buhu takwas, mai kayan kuwa tun farko ya sa asarar a lissafinsa.

Yanzu dubi man fetur. Shekara da shekaru ana kama jarkoki masu lita 25, har a Nuwamban 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Wa ya sha wuya? Mai injin ban-ruwa da ɗan kabu-kabu, su suka koma saye hannun 'yan bumburutu da tsada. Amma da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, farashinmu ya matso kusa da na maƙwabta, sana'ar ta yi sanyi da kanta, ba harbi ba gudu. Da man sumoga ya ragu, har layin mai aka yi a Yamai a watan Maris na 2025. Ɗan sumoga ratar farashi yake ci. In buhu ya fi arha a Gaya da abin da zai biya ɗan babur da na goron hanya har ya bar riba, to ko katangar siminti ka yi sai an sa mata tsani. Shi ya sa nake ganin injin casar da ke aiki a Argungu, da taki da man ban-ruwa mai sauƙi ga manomin Suru, sun fi shinge goma tsare iyaka.

Zancen baƙi kuma a yi hattara da lafazi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ya zauna kwana 90 ba biza, in yana da takardar tafiya. Nijar ta fice a Janairun 2025, amma ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutanenta su yi zirga-zirga har sai an sake shawara. Saboda haka mai tallan shayi daga Doso ba shigowarsa ce matsala ba, rashin rubuta shi ne. Me ke sa shi bin ɓarauniyar hanya? A ƙofar hukuma zai ɓata rabin yini, a tatse shi a tebur uku, ta daji kuwa kuɗin babur kawai zai biya. Mu da kanmu muka sa hanyar gaskiya ta fi tsada.

Da za a tambaye ni, daga ƙofa zan fara. A haɗa kwastan da shige da fice da masu duba dabbobi a rumfa ɗaya, a rubuta kuɗin kowane abu a allo da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, a biya ta banki a karɓi rasit. Na'urar ɗaukar yatsa kuma a haɗa ta da sola, don na'urar da ke jiran janareta ado ce. Mutanen garuruwan bakin iyaka a yi musu kati na musamman, dagaci da mai unguwa su tsaya musu, su riƙa wucewa gona da kasuwa da jana'iza ba tambaya. In an yi haka, duk wanda aka gani a daji da tsakar dare ya zama abin tuhuma na gaskiya. A rage shingayen da ke kan titin Kamba zuwa Birnin Kebbi, waɗanda kowa ya san me ake karɓa a wajensu, a mayar da jami'an da ke wajen zuwa bakin kogi da jirgi mai inji da mai a tankinsa. A riƙa sauya wa jami'i wurin aiki kafin ya zama ɗan gari, a biya shi alawus kan kari, domin wanda aka ajiye a daji ba ruwan sha ba gidan kwana, ɗan sumoga ne zai zama ubangidansa.

Inda na yarda da kai shi ne zancen bindiga. Tun harin 'yan bindigar Lakurawa a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024, ba mai cewa iyaka a bar ta sake. Sai dai wannan aikin soja ne da bayanan sirri da haɗa kai da sojan Nijar, abin da ya yi rauni tun juyin mulkin Yulin 2023. Bayanin kuma a bakin makiyayi da masunci da ɗan babur yake. Mutumin da ka ƙwace wa buhun shinkafar da zai ci da iyalinsa jiya, ba zai zo yau ya gaya maka ya ga baƙin fuska ɗauke da makamai a bakin rafi ba.

Ka lissafo mini kuɗin kilomita ɗaya na wayar taka, har da hanya da masu gadi, sai mu kwatanta. Ka gai da Hajiya da yara. In za ka zo da kaka, ka sanar da ni da wuri a ajiye maka sabuwar shinkafa da busasshen kifin Yawuri.

Wassalam.

Naka,
Umaru