Kun kawo tarihin Montessori kun bar yaran da ta fara da su

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya.

Gaskiya shirinku na ilimi na rediyo na ranar Lahadin nan ya ɓata min rai kuma ba zan ɓoye maka ba. Kun ce tarihin Maria Montessori za ku kawo, wato 'yar Italiyan nan da ta ƙirƙiro salon koyar da yara da ake kira da sunanta, amma tun daga farko har ƙarshe baƙon naku ba abin da yake ta nanatawa sai 'yan ƙananan kujeru da kayan wasa masu kala-kala da yadda ɗan shekara uku zai fara zuba Turanci, talla kawai ya zo yi wa makarantarsa. Ko sau ɗaya bai ambaci yaran da matar nan ta fara aikinta da su ba, ita ma mai gabatarwar ba ta tambaye shi ba, sai "masha Allah, masha Allah" take ta yi. Fisabilillahi ta yaya za a ba da tarihin wannan baiwar Allah a tsallake wannan wurin? Ai shi ne tushen komai.

Matar nan likita ce tun kafin ta zama malama, a 1896 ta gama karatun likitanci a Jami'ar Rum lokacin da mace likita a Italiya sai an tona. Da ta fara aiki a sashen masu taɓin hankali na jami'ar, aikin ya riƙa kai ta gidajen da ake kulle mahaukata, a can ta tarar da ƙananan yara an cusa su, yaran da ba hauka suke ba, kawai ba sa gane abu da wuri ne kamar sauran yara, iyaye da makarantu sun gaji sun yar da su. Ana ba da labarin wata mai kula da su da ta ce mata ki duba haɗamarsu, suna gama cin abinci sai su zube ƙasa suna tsintar ɓarɓashin burodi. Ita kuwa da ta dubi ɗakin sai ta ga ba komai a ciki, ba abin wasa ba abin taɓawa, sai ta gane ba yunwar ciki ke sa su tsintar ba, hannunsu ne ke neman abin da zai riƙe ya jujjuya. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai idona ya kawo ruwa, don mutum biyu ne suka kalli yara guda, ɗaya ta ga ƙazanta ɗaya ta ga ɗalibai.

Daga nan ta koma ta karanta aikin wasu likitocin Faransa biyu, Itard da Séguin, waɗanda suka riga ta gwada koyar da irin yaran nan ta hanyar taɓawa da gani da motsa jiki. A 1898 ta tashi a taron malamai a Turin ta ce matsalar yaran nan ta fi ƙarfi a wajen koyarwa, ba a wajen magani ba. A 1900 aka ba ta shugabancin wata makaranta a Rum ita da Dakta Montesano, inda ake horar da malamai kuma ake koyar da yaran, kuma ba a ofis ta zauna ba, ita da kanta take shiga aji tun takwas na safe har bakwai na yamma, shekara biyu tana haka. Ƙarshenta wasu daga cikin yaran da aka ce ba za su taɓa iya komai ba suka zauna jarrabawar gwamnati ta karatu da rubutu tare da sauran yara, suka ci. Sai bayan duk wannan, a Janairun 1907, ta buɗe makarantar ƙananan yara ta farko da ta kira gidan yara a San Lorenzo, unguwar talakawa ce a Rum, 'ya'yan leburori, ba 'ya'yan masu kuɗi ba. Wannan shi ne abin da baƙonku ya share da hannu ɗaya, ya fara labarin daga inda ya yi masa daɗi.

Me ya sa abin ya tsaya min a rai haka? Don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ɗana na biyu an kore shi daga makarantar da aka rubuta Montessori ɓaro-ɓaro a jikin allonta da jikin motarta har da bajon yunifom ɗinta. Ba zan faɗi sunanta ba don ba ita kaɗai ba ce, ka zaga Zariya ko Kaduna ko Kano ka ƙirga makarantun kuɗi masu wannan sunan ka gani. Yaron nan yana aji uku na firamare amma bai iya karanta layi ɗaya ba, b da d kullum a juye suke, in ya kwafi rubutu daga allo sai ya tsallake kalmomi, abin da aka koya masa yau gobe kamar ba a taɓa yi ba. Amma shi ɗin nan in aka biya masa sura a islamiyya da baki yana riƙewa, lambar wayar kowa a gidan nan tana kansa, fankarmu ta lalace shi ya kwance ta ya gano wayar da ta tsinke. To wannan ne daƙiƙi? Amma haka antinsu take kiransa a gaban 'yan aji, ta sa shi ya durƙusa ya ɗaga hannu, ta zane shi da rula a bayan hannu wai don ya daina wasa. Sai da ta kai kullum da safe ciwon ciki yake, in na ɗauko yunifom sai ya shige bayan ƙofa yana kuka, yaron da a da shi ke fara shiryawa.

Da na je na yi magana mai makarantar ta zaunar da ni da fara'arta ta ce Hajiya ki yi haƙuri, yaron nan yana ja mana baya, mu makarantarmu sakamako muke nunawa iyaye, gara ki nema masa wani wuri ko ki kai shi koyon sana'a. Yaro ɗan shekara tara! Kuma kuɗin zangon nan na riga na biya har da na lasin ɗin yamma da suka ce dole ne, ko sisi ba a dawo min da shi ba. Na fito na tsaya a bakin get ina kallon sunan matar nan a jikin bango, a lokacin ban ma san ko wace ce ita ba.

A gida kuma kowa da nasa. Wannan ta ce iska ce a yi masa ruƙiyya, wannan ya ce baki ne, kakarsa ta ce ubansa ma haka ya yi ta fama da boko a ƙyale shi, baban nasa kuma ya ce ni ce na sangarta shi. Mun yi addu'a kuma muna kan yi, ban raina addu'a ba, amma Allah da ya ce a roƙe shi ai ya ce a tashi a nema. Sauƙin da Allah ya kawo mana ta hannun wata dattijuwa ne a unguwarmu, tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, ta karanci koyar da masu buƙata ta musamman tun tana budurwa. Ita ta zauna da shi ta gwada shi ta ce min Maman Abba kwantar da hankalinki, ƙwaƙwalwarsa lafiya lau, alamun disleksiya ne, haruffa ne ba sa zama masa yadda suke zama wa wasu, a bi da shi ta wata hanya. Ba ta da wasu kayan waje. Faranti ne ta zuba yashi a ciki yana zana harafi da yatsa yana faɗin sautinsa, ta yanka haruffa da sanfefar kafinta ta manna a kwali yana shafawa ido a rufe, harafi ɗaya sai su yi kwanaki a kai ba ta gajiya ba ta ɗaga murya. Ita ce ta fara ba ni labarin Montessori, ta ce ai haruffan sanfefan nan dabararta ce. Kuma abin da take karɓa a wata bai kai kuɗin motar waccan makarantar ba, akwai yaran da ma kyauta take koya musu, har da wata yarinya da ba ta magana sosai. Yanzu Alhamdulillah ɗana yana karanta allon shaguna in muna cikin Keke Napep, a hankali yake yi yana haɗa harafi da harafi amma yana yi, kuma ya daina ɓuya.

Na sani yaran da Montessori ta yi aiki da su a Rum yawancinsu nasu ya fi na ɗana tsanani nesa ba kusa ba. To shi ya sa ma abin ke ƙona min rai, in ita ta iya da waɗancan shekara sama da ɗari da suka wuce, ku da kuka ɗauki sunanta kuna karɓar kuɗi da shi me zai hana ku ɗauki malami ko guda ɗaya da ya san aikin? Ba wai babu su ba ne. Akwai kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman a Oyo tun 1977 aikinta kenan, akwai sashen ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna yaye ɗalibai duk shekara, da yawansu suna zaune ba aiki. Kuma tun Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, har da maganar ilimi a cikinta, amma iyaye nawa ne suka san da ita? Ni da na sani a lokacin da ban fito daga ofishin nan shiru ba. Wannan ai aikinku ne ku 'yan jarida ku faɗa wa mutane, ba ku ba mai makarantar kuɗi rabin awa yana lissafo mana kayan ajinsa ba.

Don Allah Malam Edita ku sake shirin nan. Ku gayyato malami daga ɗaya daga cikin jami'o'in nan, ku gayyato irin dattijuwar nan tamu da suke aikin a zaure ba wanda ya san da su, ku buɗe layin waya iyaye su kira, wallahi za ku sha mamakin yawan gidajen da ke da yaro irin nawa ana ta dukansa a banza. Kuma ku dawo da baƙon nan naku ku tambaye shi yara nawa ya sallama daga makarantarsa don ba sa ja.

Sannan tunda na riga na ɗauki waya ina rubutu bari in faɗa, tallan masu maganin gargajiyan nan da kuke sakawa da safe lokacin da yara ke karyawa za su tafi makaranta, haba! Maganganun da mutumin nan yake saki ko a gaban kishiya ba ka faɗe su ba balle a gaban 'ya'ya, sai dai in yi sauri in rage murya, wani lokaci kafin in kai ga rediyon ya riga ya faɗa. In dole sai kun karɓi kuɗinsu ku mayar da shi can cikin dare.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Taku mai sauraro kullum,
Maman Abba, daga Zariya