Wasiƙa zuwa ga Ummi a Makka, kan idon jariri da kunnensa

Gadarif, Sudan

Assalamu alaikum, Ummi.

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya raya mana shi bisa sunna, ya ba ki lafiyar shayarwa. A ɗakina ya kamata ki yi wannan jegon na fari, in dafa miki ruwan wanka, in dama miki kunun gyaɗa, amma tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 kin san yadda hanya ta koma. To, abin da zan faɗa miki baki da baki, ga shi a rubuce. In kin gama karantawa ki miƙa wa maigidanki, don akwai wuraren da maganarsa za ta fi taki shiga a gidan.

Aikin ungozoma ya koya mini cewa jariri yana zuwa da idonsa a buɗe, amma gani koyonsa yake yi. Haske yana shiga ta fatar nan mai sheƙi da ke gaban ido, ya bi ta ɗigon baƙin da ke tsakiya, ya ratsa wata 'yar ƙwaya garai-garai da ke tattara shi, sannan ya sauka a kan wani siririn shimfiɗi a can bayan ido. Daga nan jijiya ta ɗauki saƙon zuwa ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya, a nan ake gane abin da aka gani. A yanzu yaron nan bai fi ganin abin da ke tazarar santimita 20 zuwa 30 ba, wato daga ƙirjinki zuwa fuskarki sa'ad da yake shan nono. Don haka ki ajiye waya in kina shayar da shi, ki dube shi ya dube ki, da wannan kallon ƙwaƙwalwarsa take koyon aikinta. Idan wani abu ya tare hasken ido ɗaya a watannin farko, ƙwaƙwalwa takan yi watsi da idon, ko an gyara shi daga baya ba lalle ya dawo daidai ba.

Shi ya sa nake so ki riƙa leƙa ɗigon baƙin nan. In an ɗauke shi hoto da fitilar waya, idanu biyun su fito iri ɗaya. In kika ga ɗaya ya yi fari fat, kada ki ce sharrin kyamara ne, ki kai shi wajen likitan ido a makon. Yanar ido ba ta tsofaffi kaɗai ba ce, ana haihuwar yaro da ita, kuma aikinta a makonnin farko ake so a yi. Wani lokacin farin alamar ciwon daji ne na bayan ido, wanda ake warkewa daga shi in an kama da wuri. Ido ya ɗan karkace jefi-jefi a wata biyu ko uku na farko ba abin tashin hankali ba ne. Amma harara-garke da ta zauna daram, ko ta wuce wata huɗu, ba ta jiran girma.

Kwantsa kuwa iri biyu ce. Akwai 'yar kaɗan mai tafiya da hawaye, wadda toshewar hanyar hawaye ke kawowa, yawanci tana buɗewa da kanta kafin shekara. Ki goge da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Akwai kuma wadda fatar ido ke kumbura ta yi ja, ruwan ƙwai-ƙwai yana bulbulowa da an goge. Wannan asibiti ne a ranar, ko da dare ne, don tana iya cinye gaban ido cikin 'yan kwanaki. Kada a ɗiga masa nono, kada a ɗiga ruwan rubutu. Addu'a a yi ta yi, a tofa a tafin hannu a shafa masa a kai.

Sai maganar kwalli, wadda na san a nan za ki sha wuya. Hajiya surukarki za ta so a rambaɗa masa, ta ce yana ƙara hasken ido, kuma da ƙauna za ta faɗa. Ni ma na san falalar ismid, wato wani irin dutsen kwalli, da ta zo a hadisi, ba na jayayya da ita. Damuwata ita ce abin da ke cikin 'yan kwalaben nan da ake sayarwa a shagunan tsaraba, domin an sha gwada kwallin gargajiya a ƙasashe daban-daban ana samun da yawansa dutsen dalma ne aka niƙa, ko da an rubuta ismid a jiki. A lungun ido ta gefen hanci akwai wata 'yar kafa da hawaye ke bi ya sauka hanci, ya gangara maƙogwaro. Nan kwallin yake bi. Ga shi kuma yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Dalma tana taruwa a jiki tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, ba zazzaɓi ba kuka, sai an sa yaro makaranta a ga karatu ya ƙi shiga. Kin ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu. Tasu daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Kada ki yi musu da Hajiya. Ki bar ɗanta ya same ta ita kaɗai, ya ce mata likita ne ya hana.

Kunne ya riga ido fara aiki. Tun yana wata shida a ciki yake jin muryarki, don haka ranar da aka yi masa huɗuba ba a banza aka yi ba. Abin da muke gani a waje tattara sauti kawai yake yi ya tura cikin rami. A ƙarshen ramin akwai dodon kunne, siririyar fata mai karkarwa, bayanta kuma ƙasusuwa uku a jere, na ƙarshensu shi ne mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam, tsawonsa wajen milimita 3 ne. Su ke miƙa karkarwar ga wani abu mai naɗi kamar katantanwa, cike da ruwa, mai ɗauke da ƙwayoyi masu 'yan gashi wajen 15,000 a kowane kunne. Waɗannan su ke mayar da sauti saƙon jijiya, kuma wadda ta mutu a cikinsu ba ta sake tsirowa har abada. In kin je biki a istiraha, wato gidan da ake haya don taro, an ƙure lasifika, ki zauna nesa, ko ki bar shi gida. Dauɗar kunne kuma kariya ce, da kanta take fitowa. Ki goge ta waje da gefen tawul, ban da tsinken auduga, ban da gashin kaza, ban da ɗiga mai.

Akwai wata hanya da ta haɗa bayan dodon kunne da maƙogwaro. A jarirai gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa mura ke saurin zama musu ciwon kunne. Hayaƙi yana ƙara wannan. Na san ba za a raba 'yar Sudan da turaren wuta ba, kuma bayan arba'in za ki so ki shiga dukkan, wato turara jiki da hayaƙin itace irin na matan Sudan. Ki yi, amma ba a ɗakin da yake kwance ba, musamman ɗakunanku na can da ke rufe ruf saboda na'urar sanyi.

Ki duba takardar sallamarku daga asibiti, ki ga ko an gwada jinsa. In an ce ku dawo a sake gwaji, ku koma kafin ya cika wata uku. A cikin jarirai 1,000 akan samu 1 zuwa 3 da matsalar ji, kuma abin ya fi yawa a auren zumunci irin naku, haka ma ga wanda ya yi shawara mai tsanani ko sanƙarau. Na taɓa karɓar haihuwar wani yaro a wani ƙauye kusa da nan, kyakkyawa, mai yawan murmushi. Uwarsa ta lura ko ƙofa ta buga ba ya firgita, amma kunyar dangin miji ta hana ta magana, su kuma suna cewa babansa ma ya yi nawar baki. Sai da ya shekara huɗu aka tabbatar ba ya ji. Da an gano yana wata shida aka sa masa na'urar ji, da wataƙila yau yana magana kamar kowa. A ƙasar da kike har dasa na'ura a cikin kunne ana yi. Don haka ki lura: ƙara mai ƙarfi tana firgita shi? Zuwa wata shida yana waiwayowa in an kira daga baya, yana gwaranci? In kin yi shakka ki faɗa da ƙarfi, ko wa zai ce kin cika zaƙewa.

Hanci da harshe da fata ba su da dogon bayani. Cikin 'yan kwanaki yake gane ƙanshin nononki, saboda haka ki rage humra a ƙirji. Zaƙi yake so tun haihuwa, amma zuma sai ya shekara, don tana iya ɗauke da ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Nono zalla har wata shida, ko Zamzam ki sha ke, zai same shi. Fatarsa ta fi taki siranta, ki gwada ruwan wankansa da gwiwar hannu, ba da tafin da ya saba da tukunya ba.

Ki turo mini hoton takardar gwajin kunnen, da hotonsa yana kallon kyamara ido biyu a buɗe. In kuɗin likita ne ya tsaya muku, kada ku ɓoye mana. Babanki yana sa muku albarka, ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, da maigidanki, ki kuma sa mu a addu'a in kin samu shiga Harami.

Mahaifiyarki.