A saurari ɗalibanmu kafin a kira abin da suke yi shiririta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da iyaye ƴan'uwana a kan abin da na gani da idona a cikin gidana. Ni tsohon malamin makarantar firamare ne, ina zaune a unguwar Zariya a nan Maradi, kuma shekara biyu ke nan ɗan ƙanwata yana hannuna, tun da ya ci jarrabawar bak ta kammala sakandare ya baro ƙauyenmu na wajen Madarunfa ya shiga jami'a.

Bara, da sakamakon zango na biyu ya fito, yaron ya faɗi darasi ɗaya na lissafi, sai da ya sake zama kafin ya tsallake. Mahaifinsa ya zo rai a ɓace, muka zauna a zaure, ya ce mini: "Malam, amana na ba ka. Abubuwa uku ne suka cinye yaron nan, gardama da latse-latsen kwamfuta da wata yarinya da ake cewa yana bi." Ya nemi in ƙwace na'urar, in hana shi fita bayan la'asar. A ranar na ga gaskiyarsa, domin faɗuwa faɗuwa ce, kuma kuɗin gero da na gyaɗa ne ake sayarwa a biya masa hidimar karatu. Sai dai na roƙe shi ya ba ni wata guda in sa ido, kuma abin da na gani a watan ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta hannu aka saya masa a kasuwa, batirinta ya mutu, don haka da zarar an ɗauke wuta ita ma ta ɗauke. Wani dare na leƙa zaure na same shi da fitilar salula a haƙora, yana rubuta wasu layuka da biro a littafin makaranta. Na tambaye shi abin da yake yi, ya ce: "Kawu, umarni nake rubuta wa kwamfuta, in wuta ta dawo in shigar mata." Ya bayyana mini cewa yaren da yake koyo sunansa Python, wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma kyauta ne, ba a biyan ko dala kafin a yi aiki da shi. Abin da yake haɗawa kuwa ba wasa ba ne. Matata ce uwar adashen mata ashirin a unguwa, kuma kullum ana rigima a kan wadda ta zuba da wadda ba ta zuba ba, da wadda kwasa ta zo kanta. Shi ne yake son na'urar ta riƙe wannan lissafi.

Kwana uku ya yi yana fama da kuskure guda. Duk lokacin da ya umarci na'urar ta jero sunayen matan, sai ta kawo goma sha tara, ta tsallake ta farko. Ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya, ya goge, ya sake, har a dare na uku ya gano cewa a wannan yare ƙirga daga sifili yake farawa, shi kuwa daga ɗaya ya fara, shi ya sa mace ta farko take ɓacewa. Na yi shekaru ina koyarwa, kuma na san cewa abin da ya fi wuya a dasa wa yaro shi ne ya koma kan aikinsa ya nemi inda ya kauce da kansa, ba tare da ya ɗora laifin a kan malami ko a kan alli ba. Kwamfuta ba ta jin lallashi, ba ta san ɗan wane ba. Ko dai an rubuta daidai ta yi aiki, ko ta ƙi. Ga kuma wani nauyin da ba kowa ya sani ba: a aji da Faransanci ake koya masa, saƙon kuskuren da na'urar take fitarwa da Ingilishi yake zuwa, bayanin da zai yi wa matan adashe kuma da Hausa ne. Yaron da yake ɗauke da harsuna uku a kan aiki ɗaya bai cancanci a ce zaman banza yake yi ba.

Batun gardamar kuwa, sai da na hau kabu-kabu na bi shi wata Asabar na ga yadda ake yi. Ba irin musun da samari suke yi a fada a bakin butar shayi ba ne, inda mai ƙarfin murya yake cinyewa. Tsari suke bi irin wanda ake amfani da shi a gasar muhawara ta jami'o'in duniya, wanda aka aro daga majalisar dokokin Birtaniya: ƙungiyoyi huɗu, kowace da mutum biyu, biyu suna goyon baya biyu suna adawa. Ana faɗin maudu'i, a ba su minti goma sha biyar su shirya, sannan kowa ya tashi ya yi minti bakwai. Abokin hamayya yana iya miƙewa ya nemi jefa tambaya, amma ban da a minti na farko da na ƙarshe, kuma mai magana yana da damar ya karɓa ko ya ƙi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ɗalibi ba ya zaɓar ɓangarensa, ƙuri'a ce take ba shi. A ranar sun yi muhawara a kan ko ya kamata a hana yara mata talla, kuma ƙuri'a ta sa ɗana a ɓangaren masu kare talla, alhali na san a zuciyarsa ba ya son ta. Dole ta sa ya tsaya ya yi tunanin uwar da kwanon tallar nan ne cefanen gidanta, ya faɗi hujjarta a gaban jama'a da mutunci.

Wata ɗaliba daga sashen aikin gona ce ta tashi bayansa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta maimaita hujjojinsa guda uku kamar yadda ya faɗe su, ba ta rage masa komai ba, sannan ta warware su ɗaya bayan ɗaya, alƙalai suka ba ɓangarenta nasara. A hanyar gida ya sunkuyar da kai ya ce mini: "Kawu, ita ce."

A nan nake son iyaye su yi haƙuri su saurare ni. Ba na goyon bayan a saki yara su yi abin da suka ga dama, kuma na faɗa masa a daren cewa a gidana babu zance a lungu ko hirar waya har tsakar dare. Amma saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ya ga yarinya mai hankali da ilimi ya ji yana son ta, wannan ba abin kunya ba ne. Ɓoyewar ce take haifar da ɓarna. Na aika matata ta gano gidansu, daga baya ni da mahaifinsa muka je muka gai da mahaifinta. Dattijon ya ce ya ji, amma ba za a yi maganar sadaki ba sai ƴarsa ta karɓi lisans ɗinta, wato digirin farko. Na ji daɗin wannan amsa ƙwarai. A ƙasarmu Nijar, inda alƙaluman UNICEF suka nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na mata ana aurar da su kafin su cika shekara 18, yarinyar da ta kai jami'a ta tsallake shinge mai yawa, kuma duk saurayin da yake son ta da gaskiya wajibinsa ne ya taimaka ta kammala. Yanzu yana zuwa gidansu ranar Juma'a da yamma, a zaure, ƙaninta yana kusa. Na kuma sa masa sharaɗi cewa in ya sake faɗuwa darasi, muhawarar Asabar ta tsaya har sai ya gyara. Zango biyu ke nan bai faɗi ba.

Jami'ar garin nan a 2010 aka kafa ta, kuma sunan ɗan garin nan take ɗauke da shi, marigayi Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyya wanda ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fuskar al'adu da fasaha daga 1974 zuwa 1982. Yawancinmu iyayen ɗaliban ba mu taɓa zama a ajin jami'a ba, don haka duk abin da bai yi kama da hadda da jarrabawa ba sai mu ɗauke shi wasa. Roƙona ga attajiran Maradi, waɗanda Allah ya buɗa wa ta hanyar kasuwanci, shi ne su samar wa yaran nan ɗaki ko da guda ɗaya ne a cikin gari, mai wutar hasken rana da intanet da kwamfutoci kamar goma, inda ɗan talaka zai zauna ya koyi wannan sana'a ba sai ya jira dawowar wuta ba. Rana dai ba mu rasa ta ba.

Roƙo na biyu ga masu shirya muhawarar ne. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ina ganin lokaci ya yi da za a riƙa yin wasu zagaye da Hausa, da ƙa'idojin nan nasu na minti bakwai da ƙuri'a, a kuma roƙi gidajen rediyon garin su watsa. Muhawarar tallar nan da Faransanci aka yi ta, alhali matan da ake magana a kansu suna bakin titi da farantansu, ba su ji ko kalma ɗaya ba. Mahaifin yaron ma ya ce in aka yi da Hausa zai taso daga ƙauye ya zo ya saurara.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Zariya, Maradi.